Yadda ake rufe ƙasar lambu da tsiro mai yaɗo wanda ba ya zubar da ganye

Inda ciyawar ado ta ƙi kamawa, kamar gindin manyan itatuwa ko gangaren da ruwa ke zaizayewa, tsiro mai yaɗo ne ya fi dacewa. Daga cikin irin wannan tsiro, masu sunan kimiyya Hedera helix da Vinca minor suna son inuwa da sanyi. Trachelospermum asiaticum kuwa ya fi su jure zafi da rana, don haka shi za a zaɓa a wuri mai zafi.

Aikin farko, kuma shi ne mafi muhimmanci, shi ne raba wurin da ciyawa kafin dashe. A tone ta da saiwarta, musamman kiri-kiri da aya-aya, domin ɗan guntun da ya saura a ƙasa zai sake tsirowa. A ba wurin ruwa, a jira mako biyu, a sake cire duk abin da ya fito. Wanda ya yi gaggawa a nan zai sha wahala daga baya, don da zarar yaɗon ya sarƙe, fartanya ba ta shiga, sai dai a bi da hannu.

Sai a kafce ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. A gindin itace kada a zurfafa, a haƙa ƙananan ramuka tsakanin saiwoyi kawai.

A dasa da tazarar santimita 30 zuwa 45, tsirran layi na biyu su faɗa tsakanin na layin farko. Da tazarar 30, murabba'in mita guda zai ci kusan tsiro 11. Idan da reshe za a yi iri, a yanko mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a tsige ganyen ƙasa, a binne gaɓa biyu, domin daga gaɓa saiwa ke fita. Bayan dashe a shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 a tsakani, amma kada ya taɓa gindin tsiron.

A shekarar farko a riƙa ban ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako, da safe. Ruwan yamma yana kwana a kan ganye, ya jawo baƙin tabo. Ganye ya yi rawaya alhali ƙasa na jiƙe, to ruwa ya yi yawa, saiwa ta fara ruɓa. A tsinke bakin sababbin rassa don su fitar da wasu rassan su cike wuri. Yawanci sai an kai shekara biyu kafin ƙasa ta rufu.

Daga nan sai tsaron iyaka. A datse gefe sau biyu ko uku a shekara, a sauke duk reshen da ya kama itace ko bango. Hedera helix ta fi kowa ɓarna a nan, har jihar Oregon ta Amurka ta hana sayar da ita. Ruwan jikinta yana sa ƙaiƙayi, 'ya'yanta kuma guba ne, saboda haka a sa safar hannu, a kuma ƙulle yankakken reshe a buhu kada ya sake yin saiwa inda aka zubar.