Yadda Ake Sauya Kwas a Cikin Jami'a

Idan kana aji ɗaya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Kashere, kuma ka ga kwas ɗin da aka ba ka bai kwanta maka ba, ga yadda za ka bi.

Da farko ka ɗauko sakamakonka na WAEC ko NECO, ka duba ko kana da kiredit biyar ɗin da sabon sashen ke buƙata, har da Turanci da Lissafi. Nan ne da yawa ke faɗuwa. Mai son injiniya amma ba shi da kiredit a Fiziks, ai ya huta da zirga-zirga.

Sai ka dage da karatu a inda kake. Sashen da ɗalibai ke rububi ba ya karɓar mai raunin maki, ga kuma ƙarancin gurbi.

Kafin ka taɓa fom ɗin sauya kwas, ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, ka ce, "Malam, shawara na zo nema." Daga nan ka ga shugaban sashen da kake so. In bai ce zai karɓe ka ba, kada ka saki naka.

Idan an buɗe sayar da fom, ka saya, shugabannin sassan biyu su sa hannu, sannan shugaban tsangaya. Ka yi hoton kowace takarda ka adana, don fayil kan ɓace.

Ka ci gaba da shiga darasin tsohon sashenka har amincewa ta fito a rubuce. Wataƙila a maimaita maka shekara.

In ta fito, ka je ofishin JAMB a gyara takardar shigarka ta dace da sabon kwas, saboda lokacin bautar ƙasa.