Ruwa a Bayan Dodon Kunnen Yaro: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara Su

Ciwon kunne ba ya ɓoyuwa a jikin yaro. Zai yi ta kuka, jiki ya ɗau zafi, ya hana kowa runtsawa, gari na wayewa a nufi asibiti. Taruwar ruwa a bayan dodon kunne kuwa ba ta zuwa da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yaro yana wasansa, yana cin abincinsa, sai dai jinsa ya ragu, kuma shi kansa bai san ya ragu ba balle ya faɗa.

A bayan dodon kunne akwai ɗan fili da iska ya kamata ta cika shi, da ƙananan ƙasusuwa 3 da ke miƙa sauti zuwa can ciki. Iskar tana shigowa ne ta wata siririyar hanya da ta haɗa filin da bayan hanci, wadda likitoci ke kira bututun Yusteshiyan. A jikin ƙaramin yaro hanyar nan gajera ce, kuma a kwance take, don haka mura kaɗan ke toshe ta. Da ta toshe, iskar da ke ciki sai ta tsotse, ruwa ya maye gurbinta, wani lokaci tsararo, wani lokaci mai kauri da yauƙi. Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2016, ta ce kusan yara 9 cikin 10 na samun wannan ruwa aƙalla sau ɗaya kafin su isa shiga makaranta, galibi tsakanin wata 6 da shekara 4.

Ɗaukar rashin ji a matsayin kunnen ƙashi

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi cutar da yaro. An kira shi sau uku bai waiwayo ba, sai a ce taurin kai ne. Malami ya ce ba ya mai da hankali a aji. A gida ya matsa dab da talabijin, ko ya ƙure sautin waya, a yi masa faɗa. Alhali ragin jin da ruwan ke jawowa yakan kai wajen desibel 25 zuwa 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). In kuna son sanin yadda hakan yake, ku toshe kunnuwanku da yatsu, wani ya yi muku magana daga ɗaya ɗakin. Za ku ji murya, amma kalmomin sun cakuɗe.

Abin da ke ƙara rikita iyaye shi ne jin yana hawa yana sauka. Yau yaro ya ji buɗe ledar alewa daga nesa, gobe a kira sunansa ya yi shiru, sai a ce ai yana ji, abin da ya ga dama ne kawai yake amsawa. Ba haka ba ne. Ruwan yana ƙaruwa yana raguwa da zuwan mura da tafiyarta, kuma ji a ɗaki shiru daban ne da ji cikin hayaniya. Ku lura ko yana yawan cewa "me?" ko "eh?", ko yana kafe bakin mai magana da ido, ko yana ɗaga murya fiye da kima, ko maganarsa ta yi jinkiri, ko yana haɗiye ƙarshen kalmomi. Wasu yaran ma sukan riƙa tuntuɓe da faɗuwa. Jan kunne shi kaɗai ba hujja ba ce, jarirai da yawa na yin sa lafiyarsu ƙalau.

Kada kuma a dogara da gwajin jin da aka yi wa jariri bayan haihuwa. Wancan ya nuna yadda kunnen yake a ranar ne kawai. Haka tafa hannu a bayan yaro: ƙara ce mai ƙarfi, yaron da ke da ruwa a kunne zai ji ta ya juyo, ku koma da tabbacin ƙarya.

Zaton ruwan wanka ne

Da an ce wa uwa akwai ruwa a kunnen ɗanta, sai ta fara zargin kanta da wankan da take masa. Dodon kunne lafiyayye a rufe yake ruf, ruwan wanka ba ya ratsa shi. Daga ciki ruwan ya samu. Saboda wannan dalili ne duk abin da aka zura ko aka ɗiga ta waje ba ya isa wurin: tsinken auduga, mai, maganin ɗigawa. Tsinken auduga ma dauɗar kunne yake turawa ciki ya danƙare ta, ya ƙara rage jin, ya kuma tare wa likita ganin dodon kunnen. In aka yi rashin sa'a yaro ya zabura, sai a huda shi.

Leƙawa kawai a yanke hukunci

Haska kunne da fitila ba ya wadatarwa kullum. Yaron da ya sha kuka dodon kunnensa kan yi ja ba tare da wata cuta ba, wanda ke da ruwa kuma nasa kan yi kama da lafiyayye. Abin da ke bambancewa shi ne motsi. Akwai na'urar duba kunne mai ɗan ƙwallon roba a gefe. Likita zai matsa shi a hankali ya hura iska, yana kallo. Idan iska ce a baya, dodon kunnen zai motsa ciki da waje. Idan ruwa ne, da ƙyar zai motsa ko ya tsaya cik. Akwai kuma gwajin timfanometiri, wanda ake sa ɗan toshi mai taushi a bakin kunne na 'yan daƙiƙoƙi, na'ura ta zana layi. Layi mai tudu a tsakiya alamar lafiya ce, shimfiɗaɗɗe kuma yakan nuna ruwa. Babu zafi a ciki. Ku tambayi likita kai tsaye: dodon kunnen yana motsi? Kunne ɗaya ne ko duka biyun? Sannan ku rubuta ranar da aka fara ganin ruwan, don duk shawarar da za a yanke nan gaba daga wannan rana za a ƙirga.

Neman magani ko ta halin ƙaƙa

A nan iyaye da ma'aikatan lafiya duk suna da laifi. Uba ya baro aikinsa ya zo asibiti, a ce masa "ku jira wata 3", sai ya ga kamar an raina masa hankali. Mai duba yaron shi ma ba ya son a fita hannu rabbana, sai ya rubuta antibayotik. To, ruwan nan ba shi ne ciwon kunne mai zafi da mugunya ba. Jagorar Amurka ta 2016 da ta hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta 2023 sun yi ittifaƙi cewa kada a ba da antibayotik domin shi, haka maganin mura mai busar da majina, da maganin alaji, da sitiroyid na sha ko na fesawa a hanci. Amfaninsu ko dai babu, ko ba ya daɗewa, ga gudawa da ƙuraje da koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani.

Kuskuren ya fi faruwa bayan ciwon kunne na gaske. Yaro ya sha magani, zazzaɓi ya sauka, aka koma bayan mako 2 aka ga ruwa, sai a ce maganin bai yi aiki ba, a sake rubuta wani mai ƙarfi. Ragowar ruwa bayan ciwo abu ne da aka saba gani: kusan yara 4 cikin 10 na da shi bayan wata guda, kusan 1 cikin 10 bayan wata 3. Muddin babu zafi babu zazzaɓi, ba sabon ciwo ba ne.

Mafi yawan lokaci ruwan yana janyewa da kansa cikin wata 3. Abin da ya cancanci a gwada a tsakanin shi ne balan-balan na musamman da ake hurawa ta hanci, ga yaron da ya kai kamar shekara 4 kuma yana bin umarni. Zai danne ƙofar hanci ɗaya da yatsa, ya rufe baki, ya hura da ɗayar har balan-balan ɗin ya kumbura, iskar ta tura bututun ya buɗe. Sau 3 a rana ake yi, a dakata idan yana mura. A nesanta shi da hayaƙin taba, kada a ba shi bulumboti yana kwance, a cika masa rigakafinsa. Shayar da nono ma na rage yawan ciwon kunne.

Mai da jira ya zama mantuwa

"Ku jira" ba ta nufin "ku manta". A ganina wannan ya fi shan maganin banza haɗari, domin shekarun da ruwan ya fi zuwa su ne shekarun koyon magana. Jiran yana da wa'adi, kuma yana da aiki. Ku kira sunan yaro kafin ku fara magana, ku matso kusa, ku fuskance shi, ku kashe rediyo ko talabijin. Ku yi magana a fili ba tare da ihu ba. Ku sanar da malaminsa ya zaunar da shi gaba. In wata 3 ya cika ruwan na nan, lokacin cikakken gwajin ji ya yi, kuma ana iya yi wa yaro ko bai fara magana ba. Ruwan da aka bari ya daɗe ba a bibiya yana iya sa dodon kunne ya lotsa ciki ya lalace.

Wasu yaran ba a sa su cikin wannan jira kamar kowa: mai tsagaggiyar ganda, mai lalurar Down (wadda ake haihuwar yaro da ita, mai kawo jinkirin girma da koyo), wanda dama yake da matsalar ji ko gani, da wanda maganarsa ta riga ta yi jinkiri. Su da wuri ake kai su wurin likitan kunne.

Tiyata: gudun ta ko gaggawar yin ta

Idan ruwan ya kai wata 3 a kunnuwa biyu, gwaji kuma ya tabbatar ji ya ragu, likita zai iya ba da shawarar sa ɗan bututu a dodon kunne. Ana sa yaro barci, a ɗan tsaga, a zuƙe ruwan, a dasa bututun da raminsa bai fi milimita 1 da ɗoriya ba, iska ta samu hanyar shiga. Aikin yakan ɗauki kamar minti 15, yawanci a koma gida ran nan. Bututun yana faɗowa da kansa, galibi cikin wata 6 zuwa 12, hudar ta rufe. Ba kowane lokaci ne komai ke tafiya sumul ba: kunnen kan riƙa zubar da ruwa ta waje, wanda maganin ɗigawa ke magancewa a wannan hali tunda yanzu akwai ƙofa, jefi-jefi hudar kan ƙi rufewa, wasu yaran kuma ruwan kan dawo a sake sa wani. Ga yaron da ya kai shekara 4, ko mai toshewar hanci da minshari, akan duba cire tsokar bayan hanci da ake kira adinoyid. Iyayen da ba su son tiyata za su iya tambaya game da na'urar ƙara ji, wadda yaro zai sa har ruwan ya wuce. Ruwan da bai fi 'yan makonni ba a kunne ɗaya kuwa, yaro na ji sosai, ba dalilin tiyata ba ne.

Duk wannan magana ta jira ba ta shafi yaron da ya tashi da zazzaɓi da zafin kunne ba, ko mugunya na fita, musamman mai wari. Kumburi ko ja a bayan kunne har kunnen ya turo gaba, karkacewar baki, sanƙarewar wuya, ko yawan barci da kasala bayan ciwon kunne, waɗannan a ranar ake kai yaro asibiti, ko da dare ne.