Kurakuran da masu jiran sabuwar rodista suka fi yi a Garwa, Marwa da Njamena

Ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, wato rodista, tana da daɗin tuƙin da babbar mota ba ta bayarwa. Nauyinta bai cika wuce tan ɗaya da kaɗan ba, yawanci tayoyin baya ne ke tura ta, kana taɓa sitiyari take amsawa. Shi ya sa duk lokacin da aka ji wani kamfani zai fito da sabuwa, masu son mota a nan arewacin Kamaru da Cadi sai su fara lissafin sayar da wadda ke hannunsu. Son motar ba laifi ba ne. A wurin lissafin ake yin ɓarna, kuma kusan kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa.

Babban cikinsu shi ne ɗaukar motar nuni a matsayin motar kasuwa. Toyota ta nuna ƙaramar motar wasanni S-FR a baje kolin motoci na Tokyo a 2015, mutane suka yi ta jira, ba ta shiga kasuwa ba. Tesla ta nuna sabuwar Roadster a Nuwamban 2017 da alƙawarin 2020, ta karɓi kuɗin ajiya na dalar Amurka 50,000 a hannun masu so, shekarar ta wuce mota ba ta fito ba. A 2023 Daihatsu ta nuna Vision Copen, Mazda ta nuna Iconic SP, dukansu na nuni ne. Motar nuni ba ta bi ta gwajin haɗari da dokar hayaƙi ba tukuna, kuma da zarar an saka mata ƙarafan kariya, jakunkunan iska da kilim, wato na'urar sanyaya iska, nauyin da aka yi ta yayatawa yakan ƙaru. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka sayar da motarka, kada ka ba dillali kafin alƙalami, sai ka ga abu uku daga kamfanin da kansa: takardar bayanan motar da za a sayar mai ɗauke da nauyi da girman inji, farashi, da ƙasashen da za a kai ta. Na ukun ya fi muhimmanci a wurinmu. Ƙananan rodistocin Japan irin su Honda S660 da Daihatsu Copen zubin 2014 sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa a hannun dama muke tuƙi. Motar da ke ƙasa-ƙasa, direba kuma yana zaune ta gefen daji, ba ya ganin abin da ke tahowa in zai wuce tirela a hanyar Garwa zuwa Ngaundere.

Ko ta fito, ba a so ka zama cikin masu sayen farko. Dubi Mazda MX-5, wadda ita ce ma'aunin irin waɗannan motoci tun 1989. Zubinta na huɗu ya fito a 2015 da inji mai lita 2.0 da ƙarfin doki 160. Bayan kimanin shekara uku aka ɗaga shi zuwa 184, aka kuma sa sitiyarin da ake iya jawowa kusa ko a tura gaba, abin da dogayen mutane suka daɗe suna nema. Wanda ke Turai in motarsa ta shekarar farko ta nuna matsala, wakilin kamfani na bayan gidansa. Wanda ya shigo da ita Marwa ta hannun dillali, garantin ya tsaya a ƙasar da aka saya. Jiran shekara biyu yana ba da damar a san lalurorinta, kayan gyaranta su bazu, ta hannu ma ta fara samuwa.

Sai batun kuɗi, inda ake juya farashin Turai zuwa sefa a ce shi ke nan. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka motar yuro 30,000 ta kusa miliyan 19.7 tun tana can. A kan wannan za ka ɗora kuɗin jirgin ruwa zuwa Duwala, kuɗin duwan, harajin TVA na kashi 19.25 a Kamaru, ladan mai fito da kaya, sannan ɗauko ta zuwa arewa, ko a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko a bayan babbar mota. Kart giriz, asurans da bizit teknik suna jiran ka a ƙarshe. Ka sa mai fito da kaya ya rubuta maka lissafin a takarda bisa girman inji da shekarar motar kafin ka biya ko dala. Mai kai ta Njamena kuma ya tambayi takardun wucewa da abin da zai biya bayan gadar Ngeli. Kada a yarda a tuƙo ta da ƙafarta daga Duwala don rage kuɗi. Abin da hanya za ta ci a jikinta ya fi kuɗin ɗaukar.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskuren fahimta. Mutane suna duba tsayin mota daga ƙasa kawai. Na MX-5 wajen santimita 14 ne, bai yi nisa da na ƙananan motocin gida ba, sai a ce ai inda Corolla ta bi ita ma za ta bi. Bambancin yana jikin taya. Taya mai lamba 195/65 R15, irin ta Corolla da yawa, kaurin gefenta ya kai milimita 127. Ta rodista mai 205/45 R17 milimita 92 ne kacal. Wannan robar ita ce ke shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfe. In ta yi siriri, rami ɗaya a gudun 80 ya isa ya tsaga gefen taya ya lanƙwasa jant, wani lokaci har ya karkatar da hannun ƙafa na alminiyom, wanda ba a miƙe shi da wuta, sai dai a canza. Idan motar ta zo da zaɓi, ɗauki ƙaramin jant: 195/50 R16 yana ba ka wajen milimita 98, kuma tafiyar ta fi laushi. Ka guji zubin da aka rage wa tsayi ko aka ƙara wa leɓen roba a gaba. Tudun rage gudu kuwa a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, da giya ɗaya.

Abin da ya fi wannan: yawancinsu ba su da safaya taya. Kwalbar ruwan liƙe huda ce da ɗan famfon iska, kuma ruwan nan ƙusa kawai yake toshewa, ba ya yin komai in gefe ya tsage. Tayar irin wannan girma ba kowane shago ke ajiye ta ba a Garwa, balle a Figil ko Kaele. Ka sayo tayoyi biyu na ajiya tare da motar, ka nemi siririyar safaya mai ramukan noti daidai da nata, da jak da sifana. Ka sani kuma but ɗin MX-5 lita 130 ne, in safaya ta shiga saura wurin jaka ɗaya. Wajen mai faci ka tsaya a kansa. Ya saba cika taya har 2.5 ko 3, alhali MX-5 bar 2.0 take so. Mota marar nauyi in iska ta yi yawa sai ta riƙa tsalle, bayanta ya riƙa zamewa. Lambar tana manne a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Mai ma haka. Waɗannan injina suna matse mai sosai, na MX-5 ya kai 13 bisa 1, kuma kai tsaye suke fesa shi cikin silinda da famfo mai ƙarfi. A Turai esans mai lamba 95 aka rubuta musu. Zuwa-zuwan da ake sayarwa a kwalba da jarka a bakin titi yakan zo da ruwa, ƙasa ko gauraye, kuma abin da tsohuwar Carina za ta haɗiye ta wuce, a nan famfo da injekta yake kashewa. Matatar man tana cikin tanki tare da famfo, ba a waje take ba da za a canza ta a minti goma. Tankin MX-5 lita 45 ne, ya isa ya kai ka Marwa daga Garwa ya dawo da kai, saboda haka babu uzurin tsayawa wurin mai jarka. Ka sha a gidan mai guda da ka yarda da shi, kada ka bari tanki ya sauka ƙasa da kwata. Baƙin mai kuma 0W-20 ko 5W-30 littafin ya ce, lita huɗu da ɗan ƙari. Makanike zai ce zafin garinmu sai 20W-50. Kada ka yarda, domin mai kauri ba ya saurin isa ƙananan hanyoyin da ke sarrafa bawul. Da ƙurar hunturu, canza shi a kilomita 5,000 ya fi, a buɗe matatar iska kowane wata, a canza ta in ta toshe maimakon a yi ta hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage.

Masu mafarkin yawo da rufi a buɗe su tuna watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Njamena ke haura digiri 40. Buɗe rufi na bayan la'asar ne da sanyin safiya. Sauran yini kilim ne zai riƙe ka, baƙin rufin yadi kuwa yana tara zafi a kan kai. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Turai tun 2017 gas ɗin kilim ɗinsu R1234yf ne, masu gyaran sanyi a nan kuwa R134a suka fi riƙewa. Ka duba takardar da ke ƙarƙashin bonet, kada a gauraya su. Rana tana cin yadin rufi da zaren ɗinkinsa, don haka rumfa ko gareji wajibi ne, ba a kuma naɗe rufin yana jiƙe ko yana da yashi. Akwai magudanan ruwa biyu a bayan kujeru da ƙura da ganyen dalbejiya ke toshewa lokacin rani. In ba a share su kafin ruwan farko ba, ruwa zai kwanta a ƙarƙashin kafet inda wayoyi suke. Da damina kuma, in titi ya cika ko mayo ya kawo a Marwa, juya ka koma. Bakin shan iskar injin yana ƙasa, ruwa kaɗan ya shiga silinda sai sandar fistin ta lanƙwashe.

Jikin motar ma yana da nasa. Bonet, murfin but da fendojin gaba na MX-5 alminiyom ne, mai gyaran jiki da ya saba da guduma da walda ta ƙarfe zai ɓata su. Zubin Turai yana da na'urar da ke cilla bonet sama don kare mai tafiya a ƙasa, kuma bugun akuya ko mummunan rami na iya tayar da ita. In ta tashi sai an canza kayanta. Kafin ka saya, nemo garejin da ke da kwamfutar karanta lalurar irin motar, ka tambaye su kai tsaye ko sun taɓa buɗe ta.

Kuskuren da ya fi shafar gida shi ne mayar da ita motar komai. Kujera biyu ce, babu wurin uwargida da yara, babu wurin buhun gero, ba kuma za ta je ƙauye biki ta hanyar burji ba. Hanyar Mora zuwa Kuseri ba tata ba ce. Mai mota ɗaya ya riƙe tasa, ya tara kuɗin wannan daban. Ranar da ta iso, a bar na'urar hana zamewa a kunne: motar da tayar baya ke turawa, in an taka mai a kwana kan yashin da iska ta watsa a kwalta, bayanta ne ke fara juyawa, kuma wanda ya saba da motar da tayar gaba ke ja bai san wannan motsi ba. A fara koyon ta a fili, da giya biyu, kafin a hau gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Mbe.