Yadda Ake Koya wa Yara Ɗebewa Mai Aro da Tsinken Tsintsiya

Ka ba yaro ɗan aji biyu 53 a ɗebe 27. Idan ya rubuta 34, ƙaramar lamba ya cire daga babba a kowane gida, wato 3 daga 7. Idan ya rubuta 36, ya yi aro amma ya manta bai rage gidan goma ba. Amsar 26 ce, kuma duka kurakuran biyu tushensu ɗaya: yaron bai taɓa riƙe goma a hannunsa ya kwance ta ba.

Kayan aikin ba su da tsada. A samo tsintsiyar kwakwa, a yanka tsinkayen daidai tsawon yatsa, kamar santimita 10, a datse tsininsu saboda ido. Kowane rukuni na yara huɗu yana buƙatar tsinke 100, robar ɗaure kuɗi guda 10, da kwali da aka raba biyu da layi: hagu gidan goma, dama gidan ɗai-ɗai. Ajin yara 60 zai ci tsinke 1,500, don haka a sa yaran su taya yanka. Kada a yi amfani da zare, kafin yaro ya kwance ƙulli ya manta lissafin da yake yi. Duwatsu da murafen kwalba ma ba sa wannan aikin, tunda ba sa ɗauruwa.

Kwanakin farko ɗauri kawai za a yi. Da tsinke ya cika goma a dama, a ɗaure shi a tura hagu. A ce su ajiye 34, sannan 43, sannan 40, har su ga cewa gidan da babu komai shi ake rubuta wa sifili.

Sai ɗebewar. A ajiye 53 kaɗai: ɗauri 5, tsinke 3. Malamai da yawa sukan sa a ajiye 27 ɗin ma a ƙasa, sai yara su rikice, wasu ma su haɗa su duka. Ita 27 a allo take zama, ita ce abin da za a kwashe.

A ce da yaron, "Ba ni tsinke 7 daga dama." Uku yake da su. A yi shiru a ƙyale shi ya yi tunani, kada a nuna masa ɗaurin. A yawancin rukunai za a samu wanda hannunsa zai kai kan roba da kansa. Ya ɗauko ɗauri ɗaya, ya cire robar, ya zuba goman a dama. Yanzu akwai ɗauri 4 da tsinke 13.

A nan ne ake gaggawa, kuma a nan aikin yake lalacewa. Kafin a cire ko tsinke ɗaya, a tambaya, "Yanzu nawa ne a kan kwalin gaba ɗaya?" Wasu za su ce 43, wasu su ce sun ƙaru. A sa su ƙirga da baki: goma, ashirin, talatin, arba'in, sannan 13 ɗin ɗaya bayan ɗaya har 53. Tamkar canjin naira ɗari ne zuwa goma-goma, kuɗin yana nan yadda yake. Yaron da bai gamsu da wannan ba kada a wuce da shi, a maimaita da 41, da 62. A lokacin da ake cire robar ne malami zai soke 5 a allo ya rubuta 4, ya mayar da 3 ta zama 13. Hannu da alli su tafi tare, ba a bar rubutun sai an gama ba.

Sauran mai sauƙi ne: a cire tsinke 7, saura 6, a cire ɗauri 2, saura 2. Ga 26.

Wajen gwaji a guji irin 52 a ɗebe 27, domin kurakuran nan biyu duk 35 suke bayarwa, ba za a gane wanne yaron ya yi ba. A kuma riƙa cakuɗa tambayoyin da ba sa buƙatar kwance ɗauri, irin 58 a ɗebe 23, in ba haka ba sai su riƙa cire roba ko da dalili ko babu. Daga nan a shiga 40 a ɗebe 16.

Gidan ɗari ɗauri goma ne a haɗe da babbar roba. Tsinken rukuni ɗaya ba zai isa ba, sai a haɗa na rukunai huɗu a yi 302 a ɗebe 148 a gaban aji. In an tashi, kowane rukuni ya ƙirga nasa ya zuba a gwangwanin madara, a ajiye robobin a inuwa don rana tana tsinka su.