Yawon Docklands ga baƙon Landan mai ƙaramin aljihu

Idan ba ka daɗe da sauka Landan ba, kuɗi bai zauna ba tukuna, yara kuma sun gaji da zaman ɗaki, ka nufi gabas, unguwar Docklands ta bakin Kogin Thames. Da can tashar jiragen ruwa ce. An buɗe West India Docks a 1802, aka rufe a 1980, sannan dogayen benayen bankuna na Canary Wharf suka tsiro a wurin.

Jirgin ƙasa na DLR za ka hau. Ba shi da direba, shi ya sa yara ke rububin kujerar gaba. Sai dai a kula, yawancin tashoshinsa ba su da shinge. Na'urar taɓa kati na tsaye a gefe da tambarinta rawaya, mai sauri zai wuce bai gani ba. Ka taɓa katin Oyster (katin biyan kuɗin sufuri na Landan) ko na banki wajen shiga da wajen fita, in ba haka ba a zaftare maka kuɗi. Yaron da bai kai shekara 11 ba ba ya biya idan yana tare da babba.

Ka fara da gidan tarihin da ke West India Quay, shiga kyauta ne. Ginin kansa tsohon sito ne na sukari, ginshiƙan katakonsa na nan daram. Akwai sashe guda kan sukari da cinikin bayi, inda za ka ga yadda gumin 'yan Afirka da aka kai gonakin rake na Karibiyan ya azurta wannan gari. A ganina nan ya fi cancantar lokacinka, kada ka bi shi a guje. Gunkin Robert Milligan, mai bayi, yana tsaye a ƙofar gidan har 2020 da aka ɗauke shi.

Daga nan sai Mudchute, gona a tsakiyar birni, da tumaki da awaki, ita ma kyauta. A Island Gardens kuwa akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin kogi tun 1902, ka ɓulla Greenwich daidai gindin tsohon jirgin ruwa na Cutty Sark. Shiga jirgin da kuɗi, amma hawa tudun da ke lambun Greenwich ba ko sisi, kuma daga can ake hango unguwar gaba ɗaya.

Kada a bar yara su sauka gaɓar kogi, ruwan yakan janye, sannan ya dawo da sauri. A watan Disamba kuma kafin ƙarfe 4 magariba ta yi, don haka a fita da wuri, a tafi da sallaya da rigar sanyi.