Buɗe wa bashe famfon gazuwal: yadda nake yi da inda nake tsayawa

Duk direban da ya taɓa loda buhunan gero daga Dakwaro, ko ya shiga rairayin Mayahi da kaya har saman kai, ya san lokacin da ƙafa ke ƙasa amma mota sai nishi take. Daga nan sai gareji: "Maigida, a buɗe mata famfo." Ina buɗewa, sana'ata ce a nan Maraɗi. Amma sukurun da ake juyawa a jikin famfon, mai kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara iska, kuma ƙarfin inji sai biyun sun haɗu.

A fara sanin irin motar. Tsofaffin Hilux masu injin 2L, 3L da 5L, da Land Cruiser bashe mai 1HZ, silinda shida, lita 4.2, famfonsu na Denso ne ƙirar VE, kuma shi ake taɓawa da sifana. Hilux Vigo mai D-4D da ta fito daga 2004, kwamfuta ce ke raba mata mai, haka ma 5L-E. Wanda ya ce zai juya maka sukuru a kansu, ɗauki makullinka ka tafi.

Kafin in kai hannu ga famfo, sai na nemo ƙarfin da motar ta zubar. Ina zare filtar iska in ɗaga ta ga rana. Bayan hunturu za ka same ta toshe da ƙura, haske ko kaɗan ba ya ratsawa, in ka buga ta a ƙasa sai gari ya tashi. A sake ta, a sake filtar gazuwal, a cire injektoci a gwada su a na'ura a ga ko suna fesawa ko ɗiga suke, a daidaita bawul, a duba lokacin da famfo ke harba mai. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, direba ya zaga ya dawo yana cewa ai ba motar da ya kawo ba ce.

In an yi duk wannan kuma ana son ƙari, to bismilla. A bar inji ya yi zafi sosai. Sukurun yana bayan murfin famfo, ta ɓangaren da bututan injekta ke fita, da noti mai ɗaure shi, kuma kamfani kan rufe shi da hatimi. Ɗauki fenti ka ja layi a kan sukurun da jikin famfo, domin ka san inda ka taso. Riƙe sukurun da sukudireba, ka sassauta notin, ka juya shi ciki, wato hannun dama, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. Kada ka wuce haka. Ɗaure noti, tada mota. Ralanti, wato gudun inji ba a taka totur ba, zai ɗan hau, sai ka sauke shi da nasa sukurun. Taka totur ka saki: in inji ya yi jinkirin saukowa, ka zarce, koma baya.

Ba na tada mota bayan juyi sai yaro na zaune da hannu a kan makulli, ga kuma faffaɗan katako kusa da bakin shigar iska. In sukurun ya shige da yawa, inji na iya ɗaukar gudu da kansa, ya ƙi sauka. A kashe makulli, in bai mutu ba a toshe iska da katakon. Kada kowa ya sa tafin hannu a wurin.

Gwaji a kan hanya ake yi, da kaya, ba a cikin gareji ba. Nakan bi hanyar Ɗan Isa, wani na biye da mu a babur yana kallon salansa. Ɗan hayaƙi lokacin da aka taka, ya washe nan take, ba laifi. Baƙin hayaƙi da ke bin mota ba ya yankewa kuwa gazuwal ne da bai ƙone ba, kuma kowane digonsa zafi yake ƙarawa a kan fistan.

Zafin nan shi ne abin da ke hana ni barci a wannan aiki. Allurar da ke gaban direba zafin ruwa take nunawa, kafin ta motsa an riga an yi ɓarna a ciki. Shi ya sa nake roƙon duk mai mota ya sa ma'aunin zafin hayaƙi a bakin salansa kusa da kilas, wato kan inji. Ni ina so in ga allurarsa ƙasa da digiri 650, in ta doshi 700 a ɗaga ƙafa a sauke giya. Fistan na alminiyom ne, alminiyom kuwa wajen digiri 660 yake narkewa. Baƙin mai da sabuwar iska ne ke sanyaya shi, kuma doguwar tafiya cikin rairayi da lodi na cinye wannan rata. Injinan L da 1HZ suna da ƙananan ɗakunan ƙuna a cikin kilas, su ne ke fara tsagewa. A tuna kuma motar da aka daidaita a sanyin Disamba, in Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, mai ya yi mata yawa. A dawo da ita a sake dubawa.

In an buɗe famfo, mota za ta ƙara shan mai, baƙin mai zai yi saurin lalacewa har sai an matso da lokacin juye, tsohon kuloci na iya fara sulɓi. Famfon VE kuma da gazuwal ɗin da ke ratsa shi yake samun maiƙo, saboda haka man bakin hanya da aka gauraya da kananzir cin cikinsa yake.

Akwai abin da ba na yi ko nawa za a biya. Ba na taɓa sukurun da ke kayyade iyakar gudun inji. Ba na buɗe wa motar da ke shan baƙin mai ko take tafasa ruwa, a gyara ta tukuna. Masu son a ɗaura wa 1HZ turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuwa, ina gaya musu ya riga yana matse iska a silinda fiye da ninki 22, kuma lokacin da Toyota ta so turbo a 1990 wani inji ta fitar, 1HD-T, mai kilas da fistan nasa daban. Wanda ya nace, sai da ma'aunin zafi da radiyata mai tsabta, iskar turbo kuma a bar ta kaɗan.