Yadda za ka kula da mai da matuƙin atomatik a Elite Dangerous

Gem ɗin nan na tuƙa jirgin sararin samaniya, na kamfanin Frontier da ke Ingila, wanda ya fito a 2014, ya ba ka taurari kusan biliyan 400 ka yawata a ciki, amma jirgin farko da suke ba ka, Sidewinder, tankinsa tan 2 kacal yake ci. Ni a satin farko na tsara hanya mai nisa na dinga tsalle daga tauraro zuwa tauraro ban ko kalli gejin mai ba, sai ga ni gaban wani tauraro mai duhu-duhu ja, ba tasha ba komai, injin tsallen ya ƙi tashi, wallahi sai da gabana ya faɗi.

To ga yadda nake yi yanzu. Da ka samu ɗan kuɗi ka sayi na'urar zuƙar mai, a gem ɗin sunanta Fuel Scoop, in da hali ka ɗauki mai lamba A don ita ta fi saurin cika tanki. Amma fa ba kowane tauraro ke ba da mai ba, iri bakwai ne kawai, waɗanda ake wa laƙabi da haruffan K, G, B, F, O, A da M, 'yan wasa haddace su suke kamar kalma ɗaya KGBFOAM. Irin su L, T da Y ko ka kwana a gefensu ba za ka samu ɗigo ba. Ka shiga taswira ka tace ta yadda waɗannan bakwai ɗin kaɗai za ta bi, sannan ka duba layin hanyar da kyau, inda ya zama tsinke-tsinke nan man da ke tankinka zai ƙare. In tafiyar ba ta gaggawa ba ce ka zaɓi hanya mai tattalin mai, tsallen zai yi yawa amma gajeru ne kuma ba sa cin mai sosai.

Wajen zuƙa ka rage totur ka matso a hankali kana bin gefen tauraron, kar ka nufi tsakiyarsa, ido ɗaya a kan gejin zafi. In ya haura 100 kayan jirgi za su fara lalacewa, ni da na ga ya kai wajen 80 nake juya hanci waje. Kuma dan Allah kar ka kunna injin tsalle kana jikin tauraro, ka ɗan yi nisa tukunna zafin ya sauka.

Sai maganar atomatik, a nan mutane ke sakin jiki. Supercruise Assist, wanda aka ƙara a 2019, aikinsa ya riƙe maka gudu ya sauke ka daidai bakin tasha, ka saita hanci ka sa totur a wurin da ke da launin shuɗi a gejin gudu shi ke nan. Ba ruwansa da mai, ba zai zuƙa maka ba, ba zai canza hanya don tanki ya kusa bushewa ba, kuma ko ka bar jirgin yana tafiya ka tashi cin abinci man yana raguwa kaɗan-kaɗan. Kwamfutar sauka, wadda ke shigar maka da jirgi tasha da kanta, ita ma sai ka matso cikin kilomita 7.5 da tashar ka nemi izinin sauka ka mayar da totur sifili kafin ta karɓa. Da ka sauka ka cika tanki kafin ka taɓa kasuwa.

In kuma ta riga ta faru man ya ƙare, akwai Fuel Rats, 'yan wasa ne masu sa kai tun 2015, kyauta suke kawo mai, su suka cece ni ranar. Ka tsaya cak, ka kashe duk na'urar da ba dole ba amma ka bar ta numfashi. In ka ga agogon iska ya fara ƙirga (na'urar numfashi mafi ƙarancin daraja minti 5 kawai take ba ka) maza ka fita zuwa babban menu, sannan ka neme su ta shafinsu na intanet, kar ka koma ciki sai sun ce ka shigo.